Ɗigon Ranar Alhamis

Sansanin tsauni, bayan Garwa
Asabar

Zuwa ga Mushe Fabien,

Bayan gaisuwa, wadda nake yi don tarbiyya ba don ka cancanta ba, ina fatan kana lafiya, kai da na'urarka ta toshe sigina. Tunda an karɓe wayoyinmu har a gama gwaji, na ba Antoine direban tankar ruwa wannan takarda. Da Hausa na rubuta. Faransanci na shugabanni ne, ni kuwa da kai nake.

An ɗauke ni in kula da radar da ke rataye a jikin babban balan-balan ɗin nan can sama. Kai kuma an ɗauke ka ka makantar da ita, a ga ko za ta gano jirgin gwaji duk da hayaniyarka. Aiki ne, ban ƙi ba. Amma ran Talata ka wuce ƙarfin da kwamitin gwaji ya amince, allona ya yi fari fat kamar an watsa masa garin rogo, na zama abin dariya a gaban ma'aikatana. Tun muna yara a kasuwar Garwa haka kake, ba ka cin wasa sai ka taka wa mutum ƙafa.

To ran Alhamis na rama. Na sa radar tana sauya mita tana kauce wa toshiyarka, na kuwa kama jirgin, ɗan ƙaramin ɗigo gabas da kogin Binuwai. Na rubuta, na sa hannu. Yanzu ka je ka gaya wa kwamiti an fi ka.

Ka huta lafiya.
Abdussalam

*

Sansanin ƙasa
Litinin

Malam Abdussalam,

Ina gaishe ka da aiki. Na ga "Mushe" ɗinka. Na san ba Monsieur kake nufi ba, wanda ungulu ke ci kake nufi. Na karɓa.

Maganar Talata gajera ce. Wanda zai zo mana da mugun nufi ba zai tambayi kwamiti ƙarfin da zai kunna ba.

Maganar Alhamis kuwa, ka nemi wuri ka zauna. Jirgin gwaji bai tashi ba ranar. Ni na roƙi kwamiti a bar shi a ƙasa ba tare da an sanar da kai ba, domin ba abin da radar ta gani kaɗai ake aunawa ba, har da abin da take ƙirƙira idan an matsa mata. Lokacin da kake "kama" jirgin, matuƙinsa yana gefena yana cin gasasshen kifi.

Saboda haka ko dai radarka tana mafarki, ko shamuwa ka gani, ko kuma ka san lokacin tashi ka rubuta abin da ranka ke so. Duka ukun na sa a rapor, rahoton da na kai wa kwamiti, ban zaɓar musu ba. Sun yanke a sauke balan-balan ɗin jibi.

Ka gaida gida in an sallame ka.
Fabien

*

Garwa
Juma'a

Mushe,

Gaisuwa ta ƙare tsakaninmu, sai ta Allah.

Maƙaryaci ka kira ni, ka dai lulluɓe kalmar da Faransanci. Kai da ka ci tuwo a zauren mahaifina har ka san inda ake ɓoye man shanu. Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

Na san shamuwa a kan allo, iska ke ɗibarta. Wannan abin ya tafi a miƙe yana fuskantar iska, ya tsaya cak a saman ƙauyukan bakin kogi, ya juya, ya koma kudu cikin duwatsu. Na lura ya fi jirginku jinkiri, na kuma rubuta haka. Ba ka karanta ba, murnar ka kama ni ta rufe maka ido. Da ka tambayi kanka abu ɗaya: in ba jirginku ba ne, na wane ne?

An sauke balan-balan ɗin a gabana, aka naɗe shi kamar tsohuwar tabarma. An dakatar da ni, an kulle bayanan radar sai ranar da kwamiti ya ga damar zama. Ina gida. Kada ka sake aiko mini da Antoine.

Wassalam.
Abdussalam

*

Daga ƙauye, bakin kogi
Laraba

Zuwa ga ƙannena biyu, Fabien da Abdu,

Jam na? Ina gaishe ku da sunan Ubangiji. Na kira wayoyinku na gaji, shi ne na haɗa ku a takarda ɗaya tunda aikinku ɗaya.

Ba lafiya ba. Ran Lahadi muna fitowa daga coci mutane suka zo da bindiga a kan babura, suka tafi da mijina Roger da wasu makiyaya. Ba su yi ta neman hanya ba, kai tsaye suka nufi gidajen da suke so.

Na gaya wa jandarma wani abu, suka ce in kawo hujja. Alhamis ɗin da ta wuce waccan, ina gonar albasa, wani ɗan jirgi mai ƙugi kamar ƙudan zuma ya zo ya tsaya a saman gidanmu, babu mutum a ciki. Ya daɗe, sannan ya yi kudu. Ban damu ba, na ce ai ƙannena suna can sama suna kallo.

Jandarma sun ce duwatsun suna da yawa, ba su san ta inda za su fara ba. Ku da kuke ganin sama, ba ku ga inda ya sauka ba? Kuma farin balan-balan ɗinku da muke hangowa daga gona, ina ya tafi? Wa ya sauke shi?

Ku taimake ni. Yara ba sa cin abinci.

Yayarku,
Edwige

*

Sansanin ƙasa
Alhamis

Abdussalam,

Barka da rana. Na san ka hana, amma ga Antoine. Ka karanta takardar Yaya Edwige da na haɗo.

Na je wurin shugaban kwamiti, ya ce ba za a buɗe bayanan ba sai mako mai zuwa. Roger ba shi da mako. Babu wanda ya bi ɗigon nan da ido har ya ɓace sai kai. A ina ya sauka?

Na rubuta sabon rapor, na janye na farko. Ka kira ni duk sunan da kake so.

Naka,
Fabien

*

Garwa
Alhamis da yamma

Fabien,

Na amsa gaisuwa. Ya sauka bayan dutsen nan mai kai biyu, kudu da mashigin kogi. A takarda ba za su gane ba, ni zan kai jandarma da ƙafata. Ka zo da mota da asuba. Don Yaya Edwige nake yi, ta goya ni kamar yadda ta goya ka. A hanya kada ka yi mini magana, kada ka ce useko, ba na son ban haƙurinka.

Ta yi tambaya biyu. Na amsa ta farko. Ta biyun, wa ya sauke balan-balan, in mun isa ƙauye kai za ka amsa mata da bakinka, ina tsaye.

Allah ya kai mu.
Abdussalam