Na Wanke Direba, Na Ɓata da Takwara

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya gwiwar taki? Na ji an ce kin daina hawa bene, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Malam ya koma aiki bayan ciwon idon, sai dai yanzu komai da tabarau yake yi, har shan ruwa. Matan da nake yi wa karatu da hantsi sun kai goma sha huɗu, biyu sun kusa sauka.

Yaya, dalilin takardar nan 'yarki ce, takwarata. Na yi mata laifi, kuma har yanzu ban gane laifin ba, shi ya sa na kawo miki. Kin san littafinta na biyu ya fito, shi ma na kisan kai ne kamar na farko. Ranar da ta kawo mini nawa, daga asibiti ta biyo, ko rigar ɗakin magani ba ta cire ba. Ta zauna a bakin gadona ta buɗe mini wani shafi a waya inda masu karatu ke faɗin ra'ayinsu, kowa ya ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar. Tun daga nan kaina ya fara kullewa. Wata ta rubuta cewa littafin ya hana ta barci kwana biyu, ta ba da biyar. Wani ya ce ya tsani duk mutanen da ke ciki, shi ma biyar. Wata ta ce sau biyu tana jifa da shi don takaici, tana komawa ta ɗauko. Takwara tana karantowa tana murna, ni kuwa ina ta Allah ya ba su haƙuri. A sanina, abin da ya hana bawa barci addu'a ake yi masa. Mutum ɗaya ne ya ba da tauraro ɗaya, wai bangon nasa ya zo a yage, shi kaɗai na fahimci kukansa.

Sai ta ce ni ma in danna biyar, 'yan uwa duk sun danna. Na ce mata ta yi haƙuri, wannan shaida ce, kuma ba na shaidar abin da ban gani ba. Ta yi dariya ta ce to Inna ta je ta gani. Kin san bokona na girma ne, ajami ya fi mini sauri, don haka sati uku na yi a kansa, kullum bayan la'asar, da yatsa a ƙarƙashin layi. Labarin wani attajiri ne da aka tsinta a mace a ɗakin karatunsa. Matarsa kuma ta fara mantuwa, ta ajiye makulli nan ta gan shi can, har ta soma zargin ko ita ta yi ba ta sani ba. Ashe ƙanwar mamacin ce, mai sanyin baki, ita ke sauya wa kayan wuri don matar ta ɗauka ta zare. Gaskiya yarinyar nan ta iya. Ina dai mamakin inda ta san irin wannan zuciya, ita da ko kyankyaso ba ta iya takawa.

Da na gama na koma shafin don in ba da shaidata. Abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Mutane da yawa ba su kai ƙarshe ba, amma sun taru a kan direban gidan. Wannan ya ce shi ne, ai idonsa ya nuna. Waccan ta ce tun shafi na arba'in ta gano shi, munafuki ne. Har da mai cewa a rataye shi. Bawan Allah kuwa ba abin da ya yi, ƙaryar da ya yi wa 'yan sanda ma don ya rufa wa 'yarsa asiri ne. Na san ba mutum ba ne, Yaya, ban ruɗe har can ba. Amma su masu zagin ai mutane ne, kuma harshen da ya saba yanke hukunci a shafi na arba'in, gobe a kan maƙwabci zai yanke. An karantar da mu cewa wanda ya san gaskiya ba ya ɓoye ta. Sai na rubuta, cikin ladabi, cewa su ji tsoron Allah su bar direba, ƙanwar mamacin ce ta yi, hujja tana shafi na ɗari biyu da sha ɗaya. Na ba da taurari huɗu, saboda akwai wurin da aka yi rantsuwa ba dalili.

Kafin magariba mutum sama da sittin sun amsa mini. Wata ta ce na kashe mata littafi. Wani ya ce Allah ya isa, saura masa shafi talatin. Wata kuma ta tambaya ko ni maƙiyiyar marubuciyar ce. Ni, da na goya ta. Na nemi in goge, ban san inda ake dannawa ba, garin lalube na sake aika shi karo na biyu. Da Takwara ta kira, muryarta a sanyaye, ta ce shekara biyu ta yi tana gina wannan ɓoyon, ni kuma na kwance shi da layi uku. Na ce ai da ma za su sani in sun kai ƙarshe. Ta ce to wannan tafiyar zuwa ƙarshen ita suka saya. Na ce wato kuɗi suka ba da don a bar su cikin zato? Ta ce e. Muka yi sallama a haka. Malam ya ce garin gyaran gira na tsone ido, ya ci gaba da goge tabaransa.

Kwana goma sha ɗaya ba ta taka gidan nan ba, yarinyar da ba ta kwana uku ba ta leƙo ni ba. Wannan shi ya fi ci mini rai, ba zagin baƙi ba. Na aika mata saƙon ban haƙuri, amma na kasa rubuta cewa na gane kuskurena, don zai zama ƙarya. Na dai ce na ɓata mata, kuma ban so ba.

Ran nan da yamma, yau sati biyu ke nan, sai ga ta. Ta gaishe ni har ƙasa kamar yadda ta saba, ta karɓi wayata ta goge rubutun nan nawa da hannunta, sannan ta ajiye mini tulin takardu a kan darduma. Littafi na uku ne, ba a buga ba, ta ce ba wanda ya gani sai ni, don ba ta da mai karatu mai bin layi da yatsa irina. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Bayan ta tafi na duba, sai na ga babi na ƙarshe babu. Na kira ta na ce an manta wasu takardu, ta ce ba mantuwa ba ce, sai ranar da ya fito kasuwa.

To yanzu ban sani ba, yafiya ce ko horo. Na riga na kai rabi, mutum biyar nake zargi, kuma dole huɗu ba su ji ba su gani ba. Kullum sai na yi istigfari in na rufe takardun. Ke uwa ce, ba za ta ƙi ki ba. Ki tambaye ta a hankali ko ta huce da gaske. In kuma hira ta yi daɗi, ki tambayar mini ko mai gadin nan na cikin sabon littafin yana da hannu, don tsoho ne, kuma ba na so in ci gaba da kallonsa haka. Na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, sai in an zage shi.

Ki gaishe mini da maigidan, da Babban Yaya da iyalinsa, da Gwaggo mai carbi, da amaryar autanki, da 'yan biyu. Malam yana gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Innar Takwara