Gawon nawa ne, awakin maƙwabci ke ƙiba

Malam mai filin shawara, ka taimake ni kafin in ɗauki gatari.

Ni dattijo ne, ina ɗan kiwon awaki a bayan gida. Akwai gawo a tsakar gidana, mahaifina ya rene shi tun yana tsiro. To, bishiyar nan ba ta da kunya: gindinta a gidana, amma ta karkata ta zuba rassanta a gidan maƙwabcina tela. Da rani ya yi, ciyawa ta bushe, sai 'ya'yanta su yi ta zuba can. Matar tela har gora ta tanada ta kakkaɓa. Awakinsu sun yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi, nono har da kyauta. Nawa kuwa, da nake wahalar nemo musu kara da dusa, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin ƙofa. Ni abin da ke faɗowa wajena ɗan kaɗan ne, shi ma uwargida ke sharewa ta ƙona don ba ta son datti. Abin da ya fi ƙona min rai, jiya telan nan ya leƙo ta katanga yana ba ni shawara wai in nemo wa awakina maganin tsutsa! Ni zai koya wa kiwo da bishiyar ubana? Na yanke shawarar sare ta, kowa ya rasa.

Dattijo mai gawo

Baba, a ajiye gatarin tukuna. Kana da gaskiya, bai kamata a kakkaɓe bishiyar mutum ba a nemi izininsa ba. Amma abin da iska ta zubo wa tela, ba sata ya yi ba.

Gawo na yin ɗanyen ganye lokacin da ciyawa ta ƙare, kuma ganyensa da 'ya'yansa na da sinadarin gina jiki da busasshen kara ba shi da shi. Idan ka sare, awakinka ma sun rasa. Ka samu tela cikin lalama, ku riƙa tarawa kuna rabawa. Ka riƙa sassabo ƙananan rassa kaɗan-kaɗan, kana haɗa musu da karan. Maganin tsutsar ma a ba su, ko da daga bakin tela ya fito.

Kafin duk wannan, ka fara lallashin uwargida. Abincin awakinka take ƙonawa kowace safiya.

Allah ya albarkaci kiwo, ya bar zumunci.