Zuciyarka Tana Gudu, Kai Ma Ka Gudu

Zuwa ga Uban Habsu, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan sanyi na rijiyar kwarinmu, farin watan da na saba gani kafin kowa, mijina da ya ce wai ya daina zama mijina. Gaisuwa mai yawa, da ɗacin rai wanda ya fi ta yawa.

Yayarka Ya Kaka ta iso Gure da saƙonka. Saki ɗaya! Ta faɗa tana kallon ƙasa. Ta ce ka koma Gidigir wurin ƙanenka Hamidu don kada in ga ƙarshenka. Wa ya ce maka idona ya gaji? Wurin wa na taɓa kai kukan tulun da nake cika maka, kana shanyewa, ƙishirwa tana nan?

Kana tsammani likitan Nasara da ya zo daga Damagaram ne ya fara sani? Ni na fara ganin kiyashi suna taruwa inda ka yi fitsari. Ni na ga mazagin wandonka yana ta yin saura. Ka tuna ranar da muka gama ban ruwan albasa, ka kishingiɗa gindin dabino har gumi ya bushe, har barci ya fara ɗibarka, na ɗora kunnena a ƙirjinka? Jikinka kwance lakwas, amma zuciyarka tana sukuwa kamar barewar da ta ji haushin karnuka. Na tambaye ka, ka yi dariya ka ce saboda ni ce. Na yarda! Wayyo ni, na yi ta taƙama da abin da yake cinye ka!

Ina tsaye bakin ƙofa lokacin da likitan ya riƙe wuyan hannunka yana duban agogo. Na ji abin da tafinta ya ce: ciwon sukari ne, kuma masu shi da zuciyarsu ba ta lafawa ko suna hutawa, sau da yawa sukan riga sauran tafiya. Sau da yawa ya ce, bai ce kullum ba. Bai ce gobe ba! Ya ce ka bar zuma, ka bar dabino, ka rage wahala. Duk wannan ya wuce ta bayan kunnenka. Mutuwa kaɗai ka ji, ka ɗaura wa raƙumi sirdi.

Tausayi kake kiran wannan? Rowa ce, sanyin idona. Ka ba ni shekarun ƙarfinka, ka hana ni na rauninka, kamar ni baƙuwa ce da ake ɓoye wa ƙwarya mai tsaguwa. A gidan Hamidu wa zai iya hana ka? Za su zuba maka zuma a fura don suna jin tausayinka, su kashe ka da alheri. Ni kaɗai nake sonka son da zai iya fizge dabino daga hannunka kana zagina.

Iddata ba ta cika ba. Ran kasuwar Gidigir zan biyo masu jakunan kanwa, Habsu a bayana. Ka ce ka mayar da ni, in shiga a matsayin matarka. In ka ƙi, zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, garin duka ya zo ya tambaye ni ko wace ce ni. Kai za ka ba su amsa.

Taka, ko ka so ko ka ƙi, a nan duniya da inda kake saurin zuwa,
Yabawa