Doyar Malamin Kwamfuta

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Iyatu da kowa a Kwandere. Ya ƙafar taka?

Na ji kana shirin kai wa malaminmu na kwamfuta doya don godiya. Don Allah ka bari. Shekara huɗu mutumin nan yana sa mu rubuta manhaja da biro, yana yaba kyan rubutu. Ranar gwajin ɗaukar aiki a nan Kigali aka ajiye mini kwamfuta, na yi ta kallonta har lokaci ya ƙare.

Yanzu ina dako a wani sito, ina koyo daga farko. Lafiyata ƙalau, bayana ne kawai.

In lallai sai an gode masa, a zana masa doyar a takarda.

Ɗanka,
Luqman