Cikin da Kika Ce Za Ki Ɗaukar Mini

Alƙahira, 14 ga Maris, 2003

Ƙanwata Azumi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya maigidanki da yara, yaya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Faisal lafiya lau.

Na ga wasiƙarki, cewa za ki zo a dasa miki ƙwayayen haihuwarmu, ni da maigidana Bukar, tunda mahaifata ba ta riƙe ciki. Ranar Talata mun je Giza wurin wata lauya. Ta saurare mu, sannan ta ce, "Ma'alish, ku yi haƙuri, babu asibitin da zai yi wannan a nan. Ko an yi, wadda ta haihu ita ce uwa a takarda."

Bukar ya fara tambayarta ƙasashen da ake yi. Ni na ɗauki jakata na ce khalas, magana ta ƙare.

Kada ki damu, ina cin abinci. Ban gaya masa ba, amma da muka fito sai na ji sanyi a raina. Ban san yadda zan yi wata tara ina kallon cikinki, kuma in ci gaba da son ki kamar yanzu ba.

Ki bar neman fasfon. In an samu mai zuwa, ki aiko mini da daddawa. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki naki.

Yayarki,
Juwairiyya