Ku Mayar da Garinmu Yadda Baba Ilu Ya Jera Shi

Zuwa ga Shugaban gidan talabijin da ya shirya fim a kan rayuwar mahaifina, Baba Ilu Mai-gora.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Hadiza, malamar firamare a Bebeji, kuma ni ce babbar 'yar tsohon da kuka ɗauka a bakin ruwan Tiga. Tun ranar Asabar da mutanenka suka zo suka haska mana fim ɗin a majigi, bakina yake har kunne. Wallahi kun iya aiki, yabon gwani kuwa ya zama dole! A ajin makarantarmu aka nuna shi bayan azahar, aka toshe tagogi da tabarmi, mutane har kan benci. Da fuskar Baba ta cika bango, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na yi kuka ban ji kunyar ɗalibaina ba.

Ka san me ya sa? Shekara da shekaru ana ce wa mutumin nan mai taɓin hankali. Bai gaji kiɗa ba, ba ya yi wa masu kuɗi kirari, ba ya zuwa biki. Sai dai ya shiga kwalekwale, ya rungume gorar kamun kifi yana bugunta da tafin hannu, wani lokacin ya busa guntun bututun ban-ruwa da ya huda da ƙusa mai zafi. Ina yarinya, in aka ce mini 'yar mai yi wa ruwa waƙa, sai na yi dambe. Ranar Asabar kuwa, waɗanda na yi damben da su ne suke ture juna don su gaishe shi. Wannan daraja ku kuka jawo mana ita, ba zan manta ba.

To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina da kuka, ga shi dalla-dalla.

Na farko. Babbar waƙar Baba mai baiti arba'in da ɗaya, mai haɗa muku hoto ya yayyanka ta ya sake jera ta. Ya ɗauko baitin makabarta, wanda shi ne na ƙarshe, ya buɗe fim da shi, wai ya fi taɓa zuciya. Ya kai marina kusa da masallaci, ya zubar da baiti goma sha biyu na tsakiya. Ba ni da ja, a kunne ta yi daɗi. Sai dai wannan waƙa hanya ce. Baba yana saurayi aka tashe su daga tsohon garinmu, ruwan dam ya shanye shi. Shi ne ya zauna ya jera garin a waƙa kamar yadda mai tafiya zai ratsa shi: ƙofar gabas, rijiyar tsamiya, gidan wane, gidan wane, mahauta, marina, har makabarta. In ka tura kwalekwale daga inda tsohuwar hanya ta nutse, ka fuskanci dutsen da ke hayi, kana tuƙi daidai da bugun gora, to kowane baiti ka kai, kana kan wurin da ya ambata. In masunta suka kai baitin ƙarshe, sai su naɗe raga su yi wa mamata addu'a. Ba a kamun kifi a nan. Waɗanda ke yi masa dariya a tudu, su ne ke rera waƙarsa a ruwa.

Na biyu, kuma a nan mu ma da laifinmu. Kwana tara ma'aikatanka suka yi tare da mu, suka ci tuwonmu, suka sha kifi har suka ƙoshi, amma babu wanda ya gaya musu wannan. Mun ɗauka kowa ya sani, kamar yadda kowa ya san gabas. Baba kuma ba mai magana ba ne, in ka tambaye shi ma'anar waƙa sai ya sake rera maka ita. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Don haka ban zargi kowa da mugunta ba.

Ranar Asabar ɗin, abin ya fara ne da dariya. Goggo Kande, ƙanwar Baba, ta miƙe a tsakiyar kallo tana salati, tana tambayar wanda ya kwashe gidan ubanta ya kai bayan mahauta, ita da ko ƙarnin jini ba ta so. Aji ya kece da dariya, har ni. Da na waiga wajen Baba sai dariyar ta tsaya mini. Yana bin kiɗan da yatsunsa a kan gwiwa, da aka tsallake baiti sai hannun ya tsaya cak. Ya sake farawa, ya sake ɓacewa. Sau uku yana yi, sannan ya sunkuyar da kai.

Na uku shi ne abin da ya hana ni haƙuri. Wata biyu bayan mutanenka sun gama ɗaukar fim sun tafi, Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Harshensa ya yi nauyi, ba zai sake rera waƙar nan ba sai wani ikon Allah. Dattawan da suka haddace ta suna ta ƙarewa. Samarin masunta kuwa tun a ajin suke roƙon a tura musu fim ɗin a waya, kuma ka san 'yan yanzu, abin da waya ta faɗa shi ne gaskiya. Cikakkiyar waƙar da muryarsa, a wajenku kaɗai take.

Na kira daraktan fim ɗin sau uku. Mutum ne mai ladabi, ya saurare ni, ya yi jimami, amma ya ce an kammala aiki an miƙa, sai da umarninka za a taɓa shi. Na zo ofishinku, aka ce kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili, ba don tozarci ba.

Ga roƙona, ranka ya daɗe:

1. A dakatar da nuna fim ɗin har a mayar da waƙar yadda take, daga ƙofar gabas zuwa makabarta, ba tsallake. In lokaci ne bai isa ba, a rage hirar da aka yi da ni, ai na yi surutu da yawa.

2. A aiko mai haɗa hoton nan ya shiga kwalekwale da dattawanmu sau ɗaya. Kifinsa da tuwonsa suna wuyana.

3. A ba iyalinmu cikakkiyar waƙar kamar yadda aka ɗauke ta, mu ajiye.

Ina son fim ɗin nan ya zaga duniya, ina son a gan shi a Kiru da Tudun Wada da Doguwa da duk inda 'yan tsohon garinmu suka watsu. Amma in ya fita a haka, wata rana jikokinmu za su naɗe raga su yi addu'a tun a bakin gaɓa, sannan su je su jefa ta a kan kabarin kakata, uwar Baba, suna rera waƙar ɗanta.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya yi riƙo da hannunka, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hadiza 'yar Baba Ilu, Bebeji.