Tambayar da Ban Yi Ba

Daren Laraba, Gesse.

Yau na ba ɗalibaina mara lafiyar da na tsara musu a kwamfuta, mace mai ciwon mara, suna tambayarta tana amsawa. Ban gaya musu cewa labarin matar masuncin nan ce ta Argungu ba, wadda na sallama da maganin taifot shekarar da na fara aiki.

Rukuni uku duk taifot suka ce, awon jininta kuwa yana ta sauka a allo. Ina tsaye bayansu ina kallo. Can Rahila, ɗalibar da ba ta cika magana ba, ta rubuta mata: "Yaushe rabonki da al'ada?" Daga nan ta gano ciki ne a wajen mahaifa, har ya fashe. Ni a wancan lokacin ban yi wa matar masuncin wannan tambayar ba.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Dokta, an yi matar ga da gaske?" Na ce an yi. Ta ce, "Ta rayu?" Na ce lokaci ya ƙure, sai gobe.

Tuwon ma na kasa ci. Gobe ƙarfe takwas, kafin a kunna kwamfuta, zan faɗa musu dukansu.